Inji Ba Ya Jin Ƙishirwa

Masu kirana aiki suna zaton sun kira ni ne in haɗa musu kwamfutoci, in ja waya, in kafa faifan sola. Ina yin waɗannan duka, kuma da su nake riƙe iyali. Amma a kowane aiki, ko a banki ne a Legas, ko a ofishin wata ƙungiya a Maraɗi, ko a ƙaramin asibitin ƙauye, akwai lokacin da zan zauna ni kaɗai in tsara jeri: idan wuta ta yi kaɗan, wane inji za a bari a kunne, wanne za a fara kashewa, idan layin intanet ya cushe, saƙon wa zai wuce, na wa zai jira. Da wuya mai aikin ya tambaye ni yadda na jera su. Shi dai ya ga fitila ta kama, ya sa hannu a takarda. Ni kuwa wannan jerin ne yake tsaya mini a rai, domin hukunci ne nake yankewa tsakanin mutanen da ba su ma san an yi zaman shari'arsu ba.

Tun daga can cikin kwamfuta ake fara wannan rabo. Wayar da ke hannunka tana da ɗaruruwan ayyuka da suke neman ƙwaƙwalwarta a lokaci guda, ita kuwa 'yan kaɗan take iya ɗauka. Saboda haka akwai wata 'yar manhaja da ba ta da aiki sai rabon lokaci: ta ba wannan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta karɓe, ta ba wancan. Tun da wuri masana suka lura da wata illa. In aka ce kullum mai muhimmanci ne zai fara shiga, aikin da aka ɗauka ƙarami zai iya dawwama a bakin ƙofa, tunda manya ba sa yankewa. Maganin da suka samo shi ne a riƙa ɗaga matsayin mai jira gwargwadon daɗewarsa, har ya kai ga shan gaban babba. A 1965 wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya ba ɗalibansa wata matsala da daga baya aka mayar da ita labarin mutum biyar a teburi da cokali biyar, kowa sai da cokali biyu zai iya cin abinci. In kowa ya cafke na damansa ya ƙi saki yana jiran na hagu, ga abinci a gabansu amma duk su biyar za su kwana da yunwa. Har yau ana koyar da wannan a jami'o'i.

Wanda ya fi burge ni shi ne abin da ya faru a watan Oktoba na 1986 a Amurka, intanet tana jaririya. Tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tazarar da ba ta wuce yadi 400 ba, gudun saƙo ya faɗo daga ɗigo 32,000 a daƙiƙa zuwa 40 kacal. Ba waya ce ta tsinke ba. Kowace kwamfuta ce, in ta aika saƙo ta ji shiru, sai ta sake aikawa da ƙarfinta, sauran ma haka, har hanya ta cika da maimaici babu mai wucewa. Wani masani mai suna Van Jacobson ya fitar da maganin a 1988: kowace na'ura ta fara da kaɗan, ta riƙa ƙarawa sannu a hankali, da zarar ta ga alamar cunkoso ta rage gudunta da rabi, ba tare da kowa ya umarce ta ba. A kan wannan ja da baya intanet ta rayu ta girma. Duk saƙon muryar da ka tura wa ɗan'uwanka a Makka ko Kumasi, ya isa ne saboda miliyoyin na'urori suna sassauta wa juna.

Na taɓa kai wannan labari zauren malamin da ya biya mini Ahlari da Ishmawi ina yaro. Bayan la'asar ne, almajirai sun watse. Na ce, "Allah gafarta Malam, ashe inji ma an koya masa kawaici da wadatar zuci."

Ya ajiye carbinsa ya ce, "Ɗana, in da ya ƙi ja da baya, za a rubuta masa zunubi?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ko da ya ja, ba a rubuta masa lada. Aiki da niyya yake tafiya, shi kuwa ba shi da ita. Ka nemi wanda ya koya masa, a can lada ko zunubin yake."

Wannan amsa ita nake tafe da ita duk inda aiki ya kai ni, musamman tunda maganar ƙirƙirarriyar basira ta cika tarukanmu. A waɗannan taruka za ka ji ana cewa injuna suna gasar neman wuta, suna gasar neman ruwa, kamar wasu halittu ne da suka faɗo daga sama da yunwarsu. Ba na son wannan magana, domin tana ɓoye mutumin da ya sa hannu a takardar kwangila.

Aiki ya taɓa kai ni Dublin, babban birnin Ireland. A bayan gari na ga dogayen gine-gine masu launin toka, babu taga, an kewaye su da waya, motoci 'yan kaɗan a harabarsu, ba ka jin komai sai gurnanin fankokin sanyaya. Cibiyoyin ajiyar bayanai ke nan, inda hotunanmu da saƙonninmu suke kwana. A 2023 irin waɗannan cibiyoyi sun sha kashi 21 cikin ɗari na wutar da aka auna a ƙasar baki ɗaya, ƙasar da mutanenta ba su kai na Jihar Kano yawa ba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin bayanai na duniya sun sha kimanin kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na wutar duniya, kuma tana hasashen abin zai ninka kafin 2030. Wannan kashi ɗaya da rabin da ake gani kaɗan ne, ya ninka abin da babban layin wutar Najeriya ke rabawa a shekara kusan sau goma, mu da muke fama da megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutum sama da miliyan 200. A watan Satumba na 2024 kamfanin Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 don a sake tayar da wani sashe na tashar nukiliya ta Three Mile Island, inda aka yi haɗarin nan na 1979, domin ya sami wutar da zai ciyar da injunansa. Ruwa ma haka. A wani ƙaramin gari mai suna The Dalles a jihar Oregon, cibiyoyin Google sun sha fiye da rubu'in ruwan garin a 2021, kuma sai da aka shiga kotu da wata jarida kafin mutanen garin su san wannan adadi.

Ni mutumin Rimin Gado ne, kuma a can na fi ganin wannan lamari ƙuru-ƙuru, ko da yake injunanmu ƙanana ne. In ka tashi daga Kabuga ka bi titin Gwarzo, ka wuce Rijiyar Zaki da sabuwar Jami'ar Bayero da Janguza, za ka shiga ƙasar da babu taƙin da ba shi da mai shi. Daga Gulu zuwa Butu-Butu zuwa Karofin Yashi, gona na jingine da gona, iyaka ba ta wuce layin gamba ko 'yan itatuwa ba. Wani Bature mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya fara nazarin ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tun shekarun 1960, ya kuma rubuta yadda ake noma ta kowace shekara babu hutu, ga jama'a cunkus, amma ba ta mutu ba. Sirrin yana cikin rabo. Gero na fita da wuri ya bar wa dawa da wake fili. In an gama girbi dabbobi su shiga su ci kara su bar taki. Jakuna su kai itace birni su dawo da shara da toka a zuba a gona. Ga kuma gawo, wanda yake kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa shuka rana, sai rani ya yi ya sake tofo ya ba dabba inuwa da abinci. Duk injin da na kafa, burina ya zama kamar gawo, ya san lokacinsa ya bar wa wani nasa.

Ƙarƙashin ƙasarmu dutse ne. Ruwa yana kwance ne a ruɓaɓɓen dutse na sama da cikin tsagogi, kuma abin da damina ta zuba daga Yuni zuwa Satumba shi ake ci har shekara ta zagayo. A da guga da igiya ne suke tsakaninmu da wannan ruwa, kuma guga yana da iyaka, domin hannu yana gajiya. Da injin fetur ya zo, tsadar mai ta zama iyakarsa. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, masu hali da yawa suka koma sola, kuma alheri ne babba, ni kaina ina cikin masu kafa ta. Sai dai injin sola ba ya gajiya, ba ya cin kuɗin mai, saboda haka babu abin da zai tuna wa mai shi ya kashe. Daga hantsi har rana ta yi sanyi yana zuƙa.

A ƙofar gidan kawuna akwai rijiya da ta girme ni. Wani bawan Allah daga birni ya sayi fili a kusa, ya yi gonar kaji da lambu, ya haƙa burtsatse ya sa sumo da sola. Tun bazara ba ta kama ba rijiyar ta fara ja, mata suna zura guga yana fitowa da laka. Da na je gida, Kawu ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, kai ka san injuna. Shi wannan ba ya ƙoshi ne?" Na taka na je na duba. Tankin ya cika tun kafin azahar, ruwa na kwarara ta bakinsa yana bin bango, ya yi kwata har bakin hanya, agwagi suna wasa a ciki, injin kuwa yana ta aiki. Wanda ya haɗa masa bai sa makunnin da ke kashe inji in tanki ya cika ba, abin da kuɗinsa bai kai na buhun abincin kaji ɗaya ba. Na sami mai gonar na ce, "Alhaji, ruwan da ke zuba a bayan tankinka shi ne wanda maƙwabtanka suke nema a gindin rijiya." Mutumin kirki ne, ya yi salati, ya ce wallahi bai taɓa haɗa abubuwan biyu a ransa ba. Aka sa makunnin, aka kuma yi magana cewa ba za a yi ban-ruwan lambu ba sai da yamma. Rijiyar tana kwana ta tara abin da za a ɗiba da safe.

Abin da ya sa tun farko na ce hukunci ne, addininmu ya riga ya tsara wannan jeri tun kafin a san inji. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito hukuncin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, game da wasu magudanan ruwa biyu na Madina, Mahzur da Muzainib: na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya saki ga na ƙasa. Dubi yadda aka ba na gaba haƙƙinsa aka kuma sa masa ma'aunin da kowa zai iya gani da idonsa. An hana mutum ya riƙe rarar ruwan da ya wuce buƙatarsa. An ruwaito cewa mutane suna tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a, gugansa daidai da na kowa. Wanda ya fi ratsa ni yana cikin babin taimama. Malaman Malikiyya, har da Shehu Halil a Muhtasar, sun ce in ruwan da ke hannunka kaɗan ne, kuma kana tsoron ƙishirwa ga kanka ko ga wata dabba mai alfarma da ke tare da kai, ka bar mata ruwan ka yi taimama. Alwala ce fa, mabuɗin salla, aka ce ta ja baya saboda maƙogwaron jaki. An kuma ba mu labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa a huffinsa.

Ma'aunin a nan shi ne rai. Mai jin ƙishirwa shi ne a gaba, mutum ne ko dabba, sannan shuka. Inji ba ya jin ƙishirwa. In ka kashe shi shekara guda ka dawo ka kunna, bai san an yi ba. Ba shi da haƙƙi na kansa a kan ɗigon ruwa ko ƙyallin wuta, matsayinsa a layi aro ne daga wanda yake yi wa hidima. Injin da ke sanyaya maganin yara ya ari matsayin yaran. Injin da ke lissafin wane talla za a nuna maka ya ari matsayin mai tallan. In aka tara su aka kira su duka injuna, aka ce suna buƙatar wuta, an shafe bambancin da shi ne gaba ɗayan maganar.

Da wannan ido nake kallon tsarin rabon wutarmu. A ranar 3 ga Afrilu 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin wuta ga rukunin A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, bisa alkawarin awa 20 a rana, rukunin E kuwa alkawarinsa awa 4 ne. Na san hujjar, wuta ba ta isa ba kuma dole a biya masu samar da ita. Amma wannan jeri ne da ma'auninsa aljihu, kuma babu inda aka tanadi ɗaga matsayin wanda ya daɗe yana jira. Abin da masana suka gyara a cikin kwamfuta tun da daɗewa, mun bar shi a tsakanin mutane. A ƙarshen Oktoba na 2024, da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace aka kwashe sama da mako guda cikin duhu, kowa ya ga yadda layin yake. Turakun sadarwa da bankuna suna ta ruri da janareta, mai markaɗe da mai walda da mai ƙanƙara sun naɗe hannu.

Akwai wani ƙaramin asibiti a ɗaya daga ƙauyukanmu da wata ƙungiya ta ba ni aikin sa wa sola. A takardar aikin an rubuta cewa kwamfuta da na'urar intanet su kasance a kunne dare da rana, domin rahoto ya riƙa isa hedikwata a kan lokaci. Na yi lissafi na ga cewa in hadari ya rufe rana a watan Agusta, batir ba zai kai asuba da komai a kunne ba. Maimakon in yanke ni kaɗai, na sami ungozomar da ke kwana a wurin, dattijuwa ce, tana wanke almakashi a roba. Na ce, "Hajiya, in batir ya kusa ƙarewa da tsakar dare, me kike so ya rage a kunne?" Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Injiniya, fitilar ɗakin haihuwa da firjin allura. Na sha karɓar haihuwa da fitilar waya a baki. Sauran su jira gari ya waye." Allurar rigakafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ta wuce haka ta daɗe, ta lalace, kuma uwar da ta goyo ɗanta daga nesa ba za ta san an yi masa allurar banza ba. Haka na jera su: fitila, firji, injin ruwa da tsakar rana kawai, kwamfuta a ƙarshe. Na rubuta wa masu aikin dalilina, na ce rahoton da ya makara da awa shida bai taɓa kashe kowa ba. Sun yi ja-in-ja, daga baya suka amince.

Kada a fahimce ni a matsayin mai ƙin injuna. Da waya Kawu yake jin farashin gyaɗa a Dawanau kafin ya ɗaura wa buhu baki, da ita 'ya'yansa suke turo masa kuɗi daga Kudu, kuma duk wannan yana bi ta cikin irin gine-ginen da na gani a Dublin. Ana gina irinsu a Legas, kuma ina fatan wata rana a gina a Kano yaranmu su sami aiki. Abin da nake cewa shi ne, kafin a gina, a faɗa wa jama'a wutar da za su sha da ruwan da za su zuƙa, da kuma wanda za a rage wa don su samu. A ƙarshen Suratul Ahzab an ba mu labarin amanar da aka bijiro wa sammai da ƙasa da duwatsu suka ƙi ɗauka, mutum ya ɗauka. Silikon da tagulla da ƙarfen da ake ƙera kwamfuta daga cikin ƙasa da duwatsun nan aka tono su. Ba su ɗauki amana a farko ba, kuma narka su da aka yi aka ƙera inji bai sa sun ɗauka ba. Duk wayon da za a cusa wa na'ura, ranar tambaya ba ita za a tsayar ba, kuma cewa kwamfuta ce ta yanke ba zai zama uzuri ga wanda ya kunna ta ba.

Kirana ga 'yan'uwana masu wannan sana'a ne, musamman matasan da suke fitowa daga Bayero da Wudil da kwalejojin fasaha suna bin ƙauyuka da faifan sola a bayan babur. Kada ku haɗa sumo ba tare da makunnin da zai tsayar da shi ba, ko da mai aikin bai nema ba. Kafin ku haƙa, ku tambayi rijiyoyi nawa ne a kewaye, ku kuma gaisa da mai unguwa. In za ku jera abin da za a fara kashewa, ku tambayi wanda zai kwana a wurin. Ku kuma jama'ar gari, duk wanda ya zo kafa muku inji, gwamnati ce ko ƙungiya ko ɗan kasuwa, ku ce ya nuna muku jerin, ya karanta muku shi da Hausa a gaban dattawa kafin a kunna.